Kundin Aikin Jarrabawar Turanci ta Matsakaicin Mataki

6 ga Janairu

Na buɗe wannan kundi ne don kada mu sake yin irin ta bara, da muka yi ta cire tambayoyi muna sa wasu, aka zo aka tambaye mu dalili, kowa ya kama sosa ƙeya. Daga yau duk abin da muka canza zan rubuta shi da ranarsa da hujjarsa.

Aikin shi ne haɗa jarrabawar da za ta tantance manya masu koyon Turanci, waɗanda suka bar matakin farko amma ba su kai ga ƙwarewa ba, ta gaya mana ajin da ya dace da kowa. Sassa huɗu za ta ɗauka: sauraro, nahawu, kalmomi, da auna fahimta. Mu biyu ne a kai, ni da wata malama da ta riga ni shiga aikin koyarwa da shekaru, sai wani matashi da ya yi alkawarin taimaka mana da ɗaukar murya.

Tun ba a je ko'ina ba muka yi karo da kalmar "matsakaici". Akwai wanda zai yi hira da kai ta awa guda bai yi tuntuɓe ba, amma in ya rubuta maka jimla uku sai ka riƙe baki. Akwai kuma wanda ke karanta jarida tas, amma da an yi masa magana da ɗan sauri sai ya yi zuru yana kallonka. Dukansu matsakaita muke ce musu. Shekaru muna raba su da ido, muna kafa hujja da cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya sani ɗin, sai dai kimar da idona ya sani daban, ta idon Malama daban.

Mun tsaya a kan ma'aunin ƙwarewar harshe da ake kira CEFR, wanda Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg ta Faransa ta wallafa a 2001. Matakai shida ne, daga A1 zuwa C2, namu su ne biyun tsakiya, B1 da B2. Ɗan B1 yana kama muhimman batutuwa in an yi magana a fili kan abin da ya saba da shi, na wurin aiki ko makaranta ko tafiya. Ɗan B2 yana bin rubutu mai sarƙaƙiya, yana kuma iya hira ba tare da ya gajiyar da abokin maganarsa ba. Sai yau da na zauna na karanta a natse na lura cewa ma'aunin bai ce ga nahawun da ɗan B1 zai sani ba, bai kuma jera masa kalmomi ba. Don dukkan harsuna aka yi shi, abin da mutum ke iya yi da harshe kawai yake bayyanawa. Mayar da wannan bayani ya zama tambaya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, a wuyanmu yake.

13 ga Janairu

Mun zana taswirar jarrabawar: tambaya 80, kowane sashe 20, cikin minti 75. Malama ta so a tsaya a 40. Ta ce, "Malam, mutanen nan daga wurin aiki suke zuwa, a gajiye. Kada mu kore su tun ranar farko." Ta yi gaskiya, amma na tsaya kai da fata. In zaɓi huɗu ne a kowace tambaya, wanda bai san komai ba ma zai iya cin ɗaya cikin huɗu da sa'a kawai. A sashe mai tambaya goma, canka biyu da suka faɗa daidai sun isa su ɗaga mutum daga wannan aji zuwa wancan. Tun 1910 Charles Spearman da William Brown, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna da lissafi cewa yawan tambayoyi masu kyau shi ke sa sakamako ya tsaya wuri ɗaya. Ba banza ba IELTS, jarrabawar Turanci ta ƙasa da ƙasa, ke yin tambaya 40 a sauraro kaɗai, wasu 40 a karatu.

Mun yi ja-in-ja kuma kan canki-canka. Ni ba masoyinta ba ne, domin a rayuwa babu mai tare ka ya miƙo maka amsa huɗu ya ce ka zaɓa. Amma mu biyu ne za mu duba takardu, kuma muna so ko ni na duba ko ita ta duba, maki ya zo ɗaya. Muka raba: kashi biyu cikin uku canki-canka, sauran cike gurbi da kalma ɗaya ko biyu. Magana da rubutu ba sa cikin wannan jarrabawa. Na rubuta da jan biro a saman taswirar cewa ba za mu yi da'awar mun auna su ba.

21 ga Janairu

Sashen kalmomi. Na ɗauka shi zai fi sauƙi, ashe mako guda zai ci mini.

Da farko na zauna na zaɓo kalmomi 20 daga kaina, waɗanda nake ganin sun dace da matsakaita. Da Malama ta duba sai ta yi dariya. "Waɗannan ai kalmomin da kake so ne, ba waɗanda suke bukata ba." Na sake dubawa, na ga rabinsu irin waɗanda ake burge jama'a da su ne a wajen muhawara. Mutum zai shekara yana karanta Turanci bai gamu da su sau biyu ba.

Sai muka koma ga jerin da aka gina bisa yawan fitowar kalma a rubutu. Akwai na Michael West na 1953, mai kalmomi wajen 2,000 da suka fi yawo a harshen. Ya tsufa, kayan zamani da yawa babu su a ciki, amma ƙashin bayansa na nan daram. Akwai kuma na Averil Coxhead na shekarar 2000, mai iyalan kalmomi 570 da ke yawan fitowa a rubutun ilimi. Iyali a nan yana nufin kalma da 'ya'yanta: *analyse*, *analysis*, *analytical*, duk gida ɗaya ne. Paul Nation ya yi lissafi a 2006 cewa kafin mutum ya san kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke cikin littafi ko jarida, sai ya mallaki iyalai 8,000 zuwa 9,000, a magana kuwa 6,000 zuwa 7,000. Kashi 98 ɗin nan na nufin kalma ɗaya ce cikin hamsin za ta zame masa baƙuwa. Mutanenmu da saura kafin su kai nan. Don haka muka tsayar da tambayoyinmu a cikin dubu biyu zuwa uku na farko, da ɗan tsarabe daga jerin Coxhead don mu ga wanda ya fara leƙa B2.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wahalar matsakaici ba a dogayen kalmomi take ba. A gajeru take. *Put off*, *give up*, *run out of*: kowace kalma a ciki ya san ta tun ajin farko, amma da suka haɗu sai suka haifi wata ma'ana da ba ta kama da uwa ba ta kama da uba. Haka mai cewa *do a mistake*, ya san *do*, ya san *mistake*, abin da bai sani ba shi ne wa ke tafiya da wa. Ga kuma kalma mai fuska da yawa irin *fair*, wadda nan take adalci, can take gashi mai haske, gaba kuma kasuwar baje koli. Mun raba sashen uku: tambaya 8 kan ma'ana a cikin jimla, 6 kan kalmomi masu tafiya tare, 6 kan waɗannan aikatau masu ɗan jela.

2 ga Fabrairu

Rubuta jimlar tambayar nahawu ba wani abu ba ne. Aikin yana wajen amsoshin tarko guda uku da za a jera kusa da ta gaskiya. Na kawo tambaya 35 don mu zaɓi 20, Malama ta zauna da biro ta kashe 11 cikin awa guda, kuma ko ɗaya ban iya karewa ba.

A wata na sa *an* kafin gurbi, alhali zaɓi ɗaya ne kaɗai ya fara da wasali. Wanda bai ma karanta jimlar ba zai ci. A wasu uku amsar gaskiya ta fi 'yan uwanta tsawo, saboda na yi ta ƙara mata sharaɗi don kada a sami kafar musu, kuma duk ɗalibin da kansa ya waye ya san dogon zaɓi abin zargi ne. Wata kuwa amsarta na zaune ƙiri-ƙiri a cikin jimlar tambayar da ke bin ta. Sauran tarkonsu ne ya yi muni, har babu mai faɗawa. In zaɓi ɗaya ya zama abin dariya, huɗun sun koma uku, sa'ar mai canka ta ƙaru.

Maganin da muka samu: mu daina ƙirƙirar kuskure, mu ɗauko wanda ɗalibai ke yi da gaske. Na zazzage tsofaffin takardun aikin gida, na yini ina tsinta. *I am living here since five years. He suggested me to go. If I will see him. Informations.* Waɗannan su ne tarkon da ke kama mutum, domin daga bakin irinsa suka fito. Batutuwan da muka tsayar su ne *since* da *for*, bambancin *I went* da *I have gone*, jimlolin sharaɗi, jimlar da ake ɓoye mai aiki, *a* da *the*, sai ba da labarin maganar wani.

Tambaya ta 14 ita ce 'yar lelena. Jimlar ita ce *I ___ the report, so you can take it*, amsar *have just finished*, babban tarkon kuma *just finished*. Na gaya wa Malama wannan ita za ta raba tsaki da tsakuwa.

4 ga Fabrairu

Malama ta dawo da takardar da alama a kan tambaya biyu. *The team ___ playing well*: a Turancin Ingila *is* da *are* duk suna shiga. *At the weekend* kuma na Ingila ne, a Amurka *on the weekend* ake cewa, ga shi na sa na biyun a matsayin kuskure. An cire su. Mun sake bin sauran layi-layi, mun gamsu babu sauran irinsu.

17 ga Fabrairu

Ɗaukar murya ta cinye mana kwana biyu, kuma ta ranar farko duk mun goge ta.

Na rubuta hirarrakin tsaf, ni da Malama muka karanta. Da aka kunna mana sai na ji kamar masu karanta labarai ne suka haɗu a hanya suna gaisawa: kowace kalma a tsaye ita kaɗai, da tazara tsakaninta da maƙwabciyarta. Babu mai magana haka. A bakin masu harshen *would have* takan dunƙule ta koma *would've*, *want to* ta koma kamar *wanna*, *and* ta rage saura ɗan guntun sauti. Tsakanin *can* da *can't* sau da yawa ba a ma jin *t* ɗin, wasalin da ƙarfin da aka sa wa kalmar su ke nuna bambanci. Tsakanin *fifteen* da *fifty* ma haka, gaɓar da aka danna ita ce alama. A nan ne ɗan B1 ke ɓacewa, ba don bai san kalmomin ba, sai don bai taɓa jin su cikin wannan kama ba. In muka ba shi magana wankakkiya, za mu ce masa ya iya sauraro, ya fita duniya ta ƙaryata mu.

Rana ta biyu muka canza dabara. Muka samo masu magana huɗu da lafazinsu ya bambanta, muka ba kowa ɗan kati mai ɗauke da batutuwan da zai taɓo, ba jimloli ba, muka ce su yi hirarsu. Suka yi ta katse juna, suna "em", suna gyara zance a tsakiya. Ɗaya ya ce a haɗu ranar Talata, sai ya ce a'a, Alhamis ta fi. Wannan da kansa ya ba mu tambaya mai kyau, domin mai farautar kalma ɗaya zai cafke Talata ya rufe kunne.

Sau nawa za a kunna? IELTS sau ɗaya take yi, jarrabawar B1 ta Kambirij kuma sau biyu. Malama ta ce a rayuwa kana iya cewa a maimaita maka. Na ce rediyo ba ya maimaitawa. Muka tsaya a kan sau biyu, saboda mu aji muke nema wa mutum, ba kā da shi muke son yi ba, kuma tarin wani na kusa da kai bai kamata ya ci maka maki ba.

Matashin nan sau uku yana cire abin kunne yana cewa, "Malam, don Allah a kashe fanka." Mu ba ma jin ta, na'ura kuwa ba ta bar ta ba.

1 ga Maris

Auna fahimta. Rubutu uku: sanarwar wurin aiki, wasiƙar ƙorafi da amsarta, sai doguwar maƙala. Na gwada su da lissafin Rudolf Flesch na 1948, wanda ke auna sauƙin rubutu ta tsawon jimla da yawan gaɓoɓi. Yana da amfani wajen kama jimlar da ta yi tsawo har ta manta mafarinta, amma ƙidaya kawai ya iya. A wurinsa *put up with* ta fi *tolerate* sauƙi tunda gaɓoɓinta ɗai-ɗai ne, alhali duk wanda ya koyar ya san ba haka abin yake ba.

Maƙalar kan rawar ƙudan zuma na rubuta ta, yadda ƙudan da ya gano furanni ke komawa amya ya nuna wa 'yan uwansa nisa da shiyya ta hanyar rawa, binciken da Karl von Frisch ya sami kyautar Nobel a kansa a 1973. Na ji daɗin rubutun ƙwarai. Sai Malama ta ce mu yi wani gwaji: mu ba wasu abokan aiki biyu tambayoyin kawai, mu ɓoye maƙalar. Ɗayansu, wanda ya karanci kimiyyar halittu, ya ci huɗu cikin shida bai ga ko layi ɗaya ba. Ashe sanin zuma nake aunawa. Ban jefar da maƙalar ba, tambayoyin na sake: me marubucin ke nufi da wannan jimla, *this* ɗin da ke sakin layi na uku ina ta koma, wane dalili ya kawo kafin wane. Irin waɗannan sai an karanta.

Mun ƙara ɗan sakin layi mai gurabe, irin gwajin da Wilson Taylor ya fito da shi a 1953. Shi don auna sauƙin rubutu ya ƙirƙire shi, daga baya masu koyar da harshe suka ɗauka suka mai da shi nasu. Mu ba kowace kalma ta bakwai muka cire ba kamar yadda wasu ke yi, zaɓa muka yi: *however*, *although*, *which* da ire-irensu, igiyoyin da ke ɗaure jimla da jimla.

9 ga Maris

Gwajin farko, da ɗalibai 44 daga azuzuwan da muke da su, waɗanda muka riga muka san ƙarfinsu. Mun gaya musu jarrabawar ce ake gwadawa, ba su ba, amma duk da haka na ga masu goge gumi. Lasifika ɗaya muka sa a gaban ɗaki, na baya suka yi ƙorafin amsa-kuwwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai ƙarshen maƙalar zuma ba lokaci ya cika. Na karɓi takardu na kulle a durowa, ban duba ba.

16 ga Maris

Mako guda ina shigar da amsoshi a kwamfuta, kowane ɗalibi da layinsa, kowace tambaya da gurbinta. Abu biyu nake nema. Na farko, mutum nawa suka ci kowace tambaya: wadda kowa ya ci ba ta gaya mana komai ba, haka wadda kowa ya faɗi. Na biyu ya fi muhimmanci, wato ko tambayar tana raba mai ƙarfi da mai rauni. Na bi hanyar da Truman Kelley ya ba da shawara a 1939: a ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, a kwatanta. A wurinmu mutum 12 ke nan a kowane gefe. Tambaya mai lafiya, na sama za su fi cin ta nesa ba kusa ba.

Tambaya ta 14, 'yar lelen tawa, ta fito a kife. Na ƙasa sun fi na sama cin ta.

Na sake lissafi sau biyu, ina zaton na karkata layi. Ban karkata ba. Washegari na tare uku daga cikin na saman na tambaye su dalilin zaɓar *just finished*. Wata ta dube ni da mamaki ta ce, "Malam, ai haka ake faɗa. Kullum ina ji." Ta yi gaskiya. A Turancin Amurka *I just finished* magana ce lafiyayya, ba wanda zai ɗaga gira. Masu raunin sun haddace dokar littafi cewa *just* tana tafiya da *have*, suka bi doka suka ci. Masu ƙarfin, da kunnensu ya sha Turanci daga fina-finai da intanet, suka ga amsa biyu masu kyau suka ɗauki wadda ta fi yi musu daɗin ji, ni kuma na hukunta su a kan sanin da suka fi wasu. Ga shi ranar 4 ga Fabrairu na rubuta da hannuna cewa mun gamsu babu sauran irin wannan. Na bar layin yadda yake, ban goge ba.

Sashen sauraro ma ya tona mana asiri. Tambayoyi biyar da suka fi kā da mutane ba su ne masu saurin magana ba, su ne masu dogayen zaɓi. Ɗalibi na fama da karanta layi huɗu, muryar ta wuce ta bar shi. Wato saurin karatu muka auna muka sa masa suna sauraro. Za a gajarta kowane zaɓi ya koma kalma uku zuwa biyar, a kuma ba da daƙiƙa 20 na dubawa kafin a kunna.

Sai rigimar harrufa. Mutum ya ji *Wednesday* sarai, ya rubuta *Wensday*. Ya ci ko ya faɗi? IELTS za ta kā da shi. Ni da Malama mun duba takardu goma iri ɗaya kowa shi kaɗai, muka sami saɓani a shida, duk a kan wannan. Mun yanke: a sashen sauraro, in kalmar ta fito yadda ba za a ɗauke ta da wata ba, an ci. *Wensday* ta wuce. *Tree* a madadin *three* ba ta wuce ba, domin wata kalma ce daban. Mun fara jera rubutun da za a karɓa a ƙarƙashin kowace amsa, don kada gobe a koma gardama.

18 ga Maris

Na zauna da ɗalibai biyar ɗaya bayan ɗaya, na ce kowa ya sake amsa tambayoyin karatu yana faɗin abin da ke ransa da ƙarfi. Wani dattijo ya ci tambaya ta 67, na ce ya aka yi. Ya ce, "Na ga *distance* a zaɓi na biyu, na duba sama na ga *distance*, shi ke nan." Bai fahimci sakin layin ba ko kaɗan, kuma lissafin kwamfuta ba zai taɓa nuna mini haka ba, tunda amsarsa daidai ce. Daga yanzu amsar gaskiya ba za ta ɗauki kalmar da ke cikin rubutun ba, da wasu kalmomi za a faɗe ta. Kalmar da aka kwafo daga rubutun a cikin tarko za ta zauna.

30 ga Maris

Ina za a ja layi tsakanin B1 da B2? Na so in ce rabi, Malama ta ce rabin me? In jarrabawa ta yi sauƙi rabi ba komai ba ne, in ta yi tsauri rabi gagarumin abu ne. Muka gayyato malamai uku muka bi hanyar da ake jinginawa ga William Angoff tun 1971. Kowa ya ƙudurta a ransa ɗalibin da ya taka B2 da ƙyar, sannan a kowace tambaya ya kimanta: cikin irinsa ɗari, nawa za su ci? A tara, a raba, layi ya fito. A zagayen farko kimarmu ta yi hannun riga, har wani ya ce tambayar jimlar sharaɗi kowa zai ci, wata ta ce ko rabi ba za su ci ba. Da muka nuna musu abin da ɗalibai suka yi da gaske, aka tattauna, zagaye na biyu ya matso kusa.

Na kuma lissafa tsayuwar sakamakon da hanyar Kuder da Richardson ta 1937. Jarrabawar gaba ɗayanta ta tsaya da ƙafarta, amma kowane sashe shi kaɗai yana ɗan rawa, na sauraro ya fi. Tambaya 20 ba ta isa a yanke wa kunnen mutum hukunci ba. Saboda haka jimillar maki ce za ta zaɓi aji, makin sassa huɗun kuma za a ba malamin ajin a matsayin haske kawai. Duk wanda ya faɗo maki uku sama ko ƙasa da layi, za a zauna da shi hirar minti biyar kafin a yanke. Malama ta ce, "To, ido ya dawo ke nan." Na ce ya dawo, amma bayan mudu.

Akwai mutum biyu da suka ci kusan duka nahawu suka faɗi warwas a sauraro, da ɗaya da ya yi akasin haka. Jimillarsu kusan ɗaya ce. Har muka tashi ba mu daidaita kan ko aji ɗaya ya kamata su zauna ba.

12 ga Afrilu

Inda aka kwana: cikin 80, tambaya 58 sun tsira yadda suke, 13 an yi musu gyara, 9 an binne su, har da ta 14. Wadda ta maye gurbinta ita ce *I ___ her since we were children*, kuma kafin in sa ta sai da na tura wa mutum biyu, ɗaya mai Turancin Ingila ɗaya mai na Amurka, na ce kowa ya nuna mini duk zaɓin da zai iya fita daga bakinsa. Duka biyun *have known* kaɗai suka nuna. Haka za a yi wa sauran 19 na nahawu kafin ƙarshen mako.

An rage maƙalar zuma da sakin layi ɗaya, an ƙara wa sashen karatu minti biyar. An sake ɗaukar hira ta uku saboda muryoyin mazan biyu sun yi kama, ɗalibai sun kasa gane wa ke magana, yanzu mace da namiji ne. Lasifika za ta zama biyu, gaba da baya.

Gwaji na biyu ranar 26 ga wata, da sababbin mutane waɗanda ba su ga ta farko ba. Kafin nan akwai kwafi na biyu na jarrabawar da za a fara rubutawa, don wanda ya dawo bayan wata shida kada ya tarar da tambayoyin da ya riga ya gani. Za mu bar tambaya 15 iri ɗaya a kwafin biyu, su zama abin kwatanta tsaurinsu. Malama ta ɗauki kalmomi da karatu, ni nahawu da sauraro, kuma ta ce wannan karon kada in gaya mata wadda na fi so.